Allurar Dupixent: Abin da Na Gani Bayan Wata 22 Ina Amfani da Ita

Tun ina aji uku na firamare a Zariya mahaifiyata ta daina shimfiɗa mini farin zanen gado, domin da wuya gari ya waye ba a same shi da ɗigon jini ba. Ciwon kirci ne, wanda likitoci ke kira egzima, kuma nawa ya fara ne daga bayan gwiwa da lanƙwasar hannu da wuya, kafin daga bisani ya mamaye baya da ƙirji. Na haura shekara 30 ina fama da shi kafin a ɗora ni a kan allurar Dupixent a Ingila, inda aiki ya kawo ni, kuma yanzu da na cika wata 22 ina amfani da ita ina ganin na tara abin da ya isa in yi mata hukunci, musamman ganin yadda 'yan'uwa da abokai suke yawan tambayata ko da gaske ne an samo maganin ƙaiƙayi.

Kafin in kai ga wannan allura babu abin da ban gwada ba. An shafe ni da man kaɗanya, an yi mini wanka da sabulun salo da ruwan ganyen darbejiya, sannan da na girma na koma ga mayukan kemis masu haɗin magani uku, waɗanda ke kwantar da ƙuraje cikin kwana huɗu su bar mutum yana murna, alhali sinadarin sitiroyid mai ƙarfi da ke cikinsu yana cinye kaurin fata a hankali. Har yau fatar wuyana ta fi ta sauran jikina haske da laushi saboda shekarun da na yi ina shafa su ba tare da wani ya auna mini ba. Ƙwayoyin borin jini kuwa, waɗanda kowa ke miƙa wa mai susa, barci kawai suke sa ni, in ci gaba da susar ina barcin. Sai daga baya na fahimci dalili: waɗannan ƙwayoyi suna toshe sinadarin histamin ne, shi kuma ƙaiƙayin kirci mafi yawansa ba ta hanyar histamin yake zuwa ba.

A Ingila ba a fara wa mutum da Dupixent. Hukumar NICE, wadda ke tantance magungunan da tsarin lafiyar gwamnati zai biya kuɗinsu, ta amince da ita a watan Agustan 2018 bisa sharaɗin cewa sai wanda ciwonsa matsakaici ne ko mai tsanani kuma ya riga ya gwada aƙalla ɗaya daga cikin tsofaffin magungunan danne garkuwar jiki bai dace ba. Saboda haka likitar fata ta fara ba ni ƙwayar metotirekset, sau ɗaya a mako, tare da ɗibar jini a kai a kai domin duba hanta. Ta rage ƙurajen kaɗan, amma tashin zuciyar da ke biyo bayan kowace sha da kuma sakamakon gwajin hanta suka sa aka dakatar da ita bayan wata bakwai. A nan ne hanya ta buɗe.

Sunan maganin na asali dupilumab, kuma kamfanoni biyu ne suka haɗa hannu wajen samar da shi, wato Regeneron na Amurka da Sanofi na Faransa. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ba shi lasisi a watan Maris na 2017 domin manya masu kirci matsakaici ko mai tsanani, Tarayyar Turai ta biyo baya a watan Satumban shekarar, sannan aka yi ta sauko da shekarun waɗanda za a iya ba su har zuwa jarirai 'yan wata shida a Amurka a 2022. Ba sitiroyid ba ne, kuma ba ya danne garkuwar jiki gaba ɗaya kamar yadda tsofaffin magungunan ke yi. Wani furotin ne da aka ƙera a ɗakin gwaji domin ya je ya toshe ƙofa guda ɗaya a jikin ƙwayoyin halitta, ƙofar da wasu 'yan aike biyu na garkuwar jiki, IL-4 da IL-13, ke bi su isar da saƙon kumburi. A jikin mai kirci waɗannan 'yan aike sun yi yawa, suna raunana katangar fata har ruwa ya riƙa tserewa daga cikinta, ƙura da ƙwayoyin cuta su riƙa shiga. Wani bincike da aka wallafa a 2017 daga Jami'ar Washington da ke St. Louis ya nuna cewa IL-4 yana taɓa jijiyoyin da ke ɗaukar saƙon ƙaiƙayi kai tsaye, yana ƙara musu saurin ji. Wannan bayani ya yi daidai da abin da na gani a jikina, domin ƙaiƙayin ya riga ƙurajen tafiya.

Dangane da siffar kayan, abin yabo ne. Kwali yana zuwa da allura biyu, kowace tana ɗauke da miligiram 300, kuma ni irin mai kama da babban alƙalami ake kawo mini, wadda ba a ganin tsininta ko kaɗan. Ranar farko ana yin biyu a lokaci guda, daga nan sai ɗaya duk bayan mako biyu. Ana fito da ita daga firji a ajiye na minti 45 sanyinta ya tafi, a cire murfin, a danna a cinya ko a ciki nesa da cibiya, a riƙe har ƙaramar tagar da ke jikinta ta rikiɗe rawaya. Ma'aikaciyar jinya ce ta tsaya a kaina na yi ta farko da hannuna, kuma tun daga ranar ban sake buƙatar kowa ba. Tana da ɗan zafi na 'yan daƙiƙu, wanda ke ƙaruwa idan mutum ya yi gaggawa ya yi ta da sanyinta. A watan azumi nakan bari sai bayan tarawihi, duk da cewa malamai da yawa sun ce allurar da ba ta abinci ba ba ta karya azumi, domin kawai hankalina ya fi kwanciya da hakan.

A asibiti akwai ma'aunin da ake amfani da shi, inda ake tambayar majiyyaci ya ba ƙaiƙayinsa mafi tsanani na awa 24 da suka wuce maki daga sifiri zuwa 10. Ranar da aka fara mini na ce 9, kuma ban ce 10 ba ne don na tuna wani hunturu da ya fi wannan muni. A cikin mako na biyu na farka wata safiya na ga hasken rana ta labule, na zauna a bakin gado ina ƙoƙarin tuna ƙarfe nawa na tashi susa cikin dare, sai na gane ban tashi ba. Wanda bai yi shekaru yana barcin awa uku a yanke ba ba zai san girman wannan safiya ba. Zuwa mako na 16, lokacin da ƙa'idar NICE ta ce a sake auna mutum a ga ko za a ci gaba ko a tsayar, makina ya sauka zuwa 2. Na daina tsayawa a ƙarshen sahu a masallaci don kada susata ta ɗauke hankalin na kusa da ni, na daina ɓoye hannu lokacin musabaha, kuma alwala ta daina zama abin fargaba, domin tsagewar da ke tsakanin yatsuna ta rufe.

Sai dai labarina labarin mutum ɗaya ne, kuma duk wanda zai yanke shawara a kan magani irin wannan ya kamata ya dubi abin da gwajin asibiti ya nuna, ba abin da ya faru da wanda ya dace ba. Manyan gwaje-gwajen da aka dogara da su wajen ba da lasisi su ne SOLO 1 da SOLO 2, waɗanda aka wallafa a mujallar New England Journal of Medicine a 2016, kuma sun ƙunshi mutum 671 da 708. An raba mutanen ta hanyar ƙuri'a, wasu aka yi musu allurar gaske, wasu aka yi musu ta holoko wadda babu magani a cikinta, ba tare da majiyyaci ko likita ya san wanne aka ba wa wane ba. Bayan mako 16, waɗanda fatarsu ta washe sarai ko ta kusa washewa a cikin masu karɓar allurar duk mako biyu sun kai kashi 38 cikin 100 a gwaji na farko da kashi 36 a na biyu, yayin da masu holoko suka tsaya a kashi 10 da kashi 8. Waɗanda ƙaiƙayinsu ya ragu da maki huɗu ko fiye sun kai kashi 41 da kashi 36. Tazarar da ke tsakanin ɓangarorin biyu babba ce, kuma ita ce ta sa likitocin fata suka ɗauki 2017 a matsayin shekarar da abubuwa suka sauya. Amma alƙaluman nan suna faɗin wani abu da masu yaɗa labarin maganin a Facebook ba sa so su ambata, wato fiye da mutum shida cikin goma ba su kai ga washewar fata ba a wannan wa'adi. Wani gwaji mai suna CHRONOS, na mutum 740 wanda ya ɗauki mako 52, ya haɗa allurar da man sitiroyid na shafawa, kuma a can kashi 69 cikin 100 ne suka samu raguwar kashi uku cikin huɗu na ciwonsu a mako na 16. Abin da na ɗauka daga nan shi ne cewa allurar ba ta zo ta kori man shafawa ba. Har yau ina shafa man da ke riƙe danshin fata safe da dare, kuma ina ajiye da na sitiroyid don ranar da wani wuri ya motsa.

Akwai wani al'amari da ya shafe mu masu baƙar fata wanda ya kamata a faɗa. Ma'aunin da likitoci ke auna tsananin kirci da shi yana ba jan fata maki, mu kuma kumburinmu ba ja yake fitowa ba, yakan fito ne da duhu ko toka-toka, saboda haka likitan da idonsa bai saba ba zai iya rubuta ciwo mai tsanani a matsayin mai sauƙi, mutum ya rasa cancantar maganin da yake buƙata. Ita kanta NICE ta rubuta a ƙa'idarta cewa a yi la'akari da launin fata wajen wannan awo, kuma likitata ta yi hakan, har tana taɓa wuraren da hannu don jin kaurinsu maimakon dogaro da ido kaɗai. Sannan warkewarmu tana barin baya da ƙura. Ƙaiƙayi ya tafi cikin makonni, amma baƙin tabon da shekarun susa suka bari, da fatar bayan gwiwata da ta yi kaushi kamar bayan guza, sun ɗauki fiye da shekara kafin su fara komawa daidai, kuma wasunsu suna nan har yanzu. Allurar ba ta yi alkawarin goge tabo ba, don haka ban ɗora mata laifinsa ba, amma wanda zai fara ya san da wannan.

A watan Satumban 2022 FDA ta ƙara amincewa da Dupixent domin wani ciwo da ake kira prurigo nodularis, wanda ke fitowa da ƙulu-ƙulu masu tauri a hannu da ƙafa da baya, masu ƙaiƙayin da ya fi na kirci azaba, kuma kafin wannan lokaci babu wani magani da hukumar ta taɓa ba lasisi dominsa. A gwajin PRIME, mai mutum 151, kashi 60 cikin 100 na masu karɓar allurar sun samu raguwar ƙaiƙayi da maki huɗu ko fiye a mako na 24, a kan kashi 18 na masu holoko. Na kawo wannan ne domin wani nazari na asibitin Johns Hopkins a 2018 ya gano cewa baƙar fatar Amurka sun ninka fararen fata fiye da sau uku wajen kamuwa da wannan ciwo, kuma na tabbata yawancinmu mun san wani dattijo a unguwa mai irin waɗannan ƙulu-ƙulu a ƙwauri, wanda aka daɗe ana cewa sammu ne ko sanyi.

Illolin da takardar cikin kwali ta lissafa ba su da yawa, amma akwai waɗanda suka cancanci kulawa. Mafi shahara shi ne ciwon ido mai ja da ƙaiƙayi da ruwa, wanda ya kama kusan mutum ɗaya cikin goma a gwajin masu kirci. Ni ban shiga cikinsu ba, ko da yake tun ranar farko aka ba ni maganin ɗiga wa ido na hana bushewa, aka kuma gargaɗe ni cewa in na ji zafi ko ganina ya dusashe in nemi likita a ranar. Akwai kumburi a wurin allura, da ƙurajen leɓe, da jan fuska ko ciwon gaɓoɓi ga wasu, sannan ba a yi wa mai amfani da ita rigakafin da ke ɗauke da rayayyar ƙwayar cuta, irin na cutar shawara, wanda matafiyi zuwa ƙasashenmu zai so ya kammala tun kafin ya fara. Abin da ya fi jan hankalina shi ne batun tsutsar ciki. Wannan ɓangare na garkuwar jiki da allurar ke toshewa shi ne wanda jiki ke yaƙar tsutsa da shi, saboda haka ƙa'ida ta ce a kashe tsutsar da ke jiki kafin a fara. Da likitata ta ji inda na taso sai ta sa aka gwada jinina da bayan gidana. Ga wanda ke zaune a Kano ko Maraɗi wannan sharaɗi ya fi nauyi fiye da yadda yake ga mutumin Landan.

Babban aibin Dupixent a wurina kuɗinta ne. Lokacin da ta fito a Amurka an sanya mata farashin dala 37,000 a shekara. A Ingila farashin da aka bayyana shi ne fam 1,264.89 kan kwali mai allura biyu, wanda ke kai shekara kusan fam 16,500, ko da yake gwamnati tana samun rangwamen da ba a bayyana adadinsa ba. Ni ba na biyan komai a kanta kai tsaye, ban da kuɗin lafiya da ake karɓa a hannun baƙi tare da biza. Amma idan aka juya farashin allura ɗaya tak zuwa naira a canjin yau, ya zarce abin da mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 zai tara a shekara guda cur, kuma ana buƙatar irinta 26 a shekara. Sanofi ya bayyana cewa cinikin wannan magani ya haura yuro biliyan 13 a 2024. Na yarda bincike yana cin kuɗi, kuma na yarda wanda ya zuba jari yana da haƙƙin riba, amma yana da wuya in karɓi cewa maganin da ke shigo da irin wannan dukiya ba za a iya yi masa farashi na daban ba domin ƙasashen da ba su da inshorar da za ta ɗauke shi. Ga shi kuma ba warkarwa take yi ba, dannewa take yi, kuma yawanci ciwon yana dawowa idan aka tsaya.

Ko da an ce kuɗin ya samu, saura ajiya. Dole ta zauna a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, kada ta daskare, kuma in ta fita ba za ta wuce kwana 14 ba, shi ma da sharaɗin zafin ɗaki bai haura digiri 25 ba. Duk wanda ya san Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu ya san wannan sharaɗi ba da mu aka rubuta shi ba. Da na je gida a Disambar bara na yi mako uku, na tsara tafiyar yadda allura ɗaya kawai za ta same ni a can, na riƙo ta a jakar sanyi, sannan na kai ta ajiya firjin wani maƙwabcinmu mai sola domin ba zan iya dogara da wutar gidanmu ba. Hunturun ya zama mini jarrabawa ta gaskiya, kuma fatata ta bushe ta yi fari kamar ta kowa, amma ba ta tsage ba, ban kuma yi jini ba.

Dupixent ba ita kaɗai ba ce a fagen yanzu. Akwai ƙwayoyin sha irin su Rinvoq da Cibinqo, waɗanda FDA ta amince da su domin kirci a Janairun 2022, kuma a gwajin da aka kara Rinvoq da Dupixent kai tsaye, wanda aka wallafa a 2021, ƙwayar ta yi gaba da kashi 71 a kan 61 wajen rage kashi uku cikin huɗu na ciwon a mako na 16, tana kuma kashe ƙaiƙayi da sauri. Sai dai suna ɗauke da gargaɗi mafi girma na hukumar a kan cututtuka masu tsanani da daskarewar jini da ciwon zuciya da ciwon daji, kuma sai an yi gwajin tarin fuka kafin a fara su, abin da ba ƙaramin lamari ba ne ga wanda ya fito daga ƙasar da tarin fuka ya yi yawa. Akwai kuma Nemluvio ta kamfanin Galderma, wadda ta samu lasisi a 2024, tana toshe IL-31, ɗan aiken da aka fi dangantawa da ƙaiƙayi kansa, kuma sau ɗaya ake yin ta duk mako huɗu. Likitata ta ambace ta a matsayin abin da za mu duba idan wata rana wannan ta daina yi mini aiki. A yanzu ba ni da dalilin sauyawa, domin magani da ba ya buƙatar ɗibar jini a kai a kai, wanda kuma aka yi shekaru ana bibiyar masu amfani da shi har da ƙananan yara, ya fi kwanta mini a rai.

Makonni kaɗan da suka wuce yayata ta kira ni daga Zariya a kan ɗanta na uku. "Kai dai ka aiko mana ko guda biyu ne mu gwada wa yaron nan," in ji ta, "susa ta hana shi barci, ga ka kai ka samu lafiya." Na ce mata, "Yaya, wannan ba irin maganin da ake aikowa a jaka ba ne, kuma ba a yin sa sai likitan fata ya tabbatar da ciwon. Shi kaɗai ne yake susar?" Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce ƙannensa biyu ma sun fara, da yarinyar da ke kwana ɗaki ɗaya da su, kuma abin ya fi tashi da dare, a tsakanin yatsu da kugu. Kirci ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, ƙazwa ce ke bin ɗaki haka, ita kuma maganinta na shafawa ne mai araha, wanda ake yi wa duk mutanen gidan a rana ɗaya tare da wanke tufafi da shimfiɗa da ruwan zafi. Ni ba likita ba ne, don haka na roƙe ta ta tattara su huɗun ta kai su sashen fata na asibiti a duba su, kuma kada ta shafa musu man haɗi kafin a je, domin yana ɓoye kamannin ƙurajen. Ta ce za ta kai su ranar Litinin.